Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bishof Na Katsina: A Dubi Katikis Ɗin Ƙauye

Zuwa ga Mai Girma Bishof Gerald Mamman Musa,
Bishof na Dayosis ɗin Katolika ta Katsina.

Baba, ranka ya daɗe.

 

Ni ɗaya ne daga cikin 'ya'yanka na karkara, ina sujada a wata ƙaramar majami'a da ke ƙarƙashin ɗaya daga cikin ikklisiyoyin kudancin jihar nan. Na zaɓi in rubuto maka a fili domin maganar ta shafi jama'a da yawa, kuma ina so 'yan'uwanmu na birni su ji ta tare da kai. Maganar kuwa guda ɗaya ce. Ikklisiyar ƙauye a kan katikis take tsaye, shi kuwa katikis ya gaji, kuma masu son su gaje shi sai raguwa suke yi.

Ranar da labari ya iso mana, a watan Oktoban 2023, cewa Paparoma Francis ya yanke Dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato, kuma ya naɗa ɗan wannan ƙasa ya riƙe ta, mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dishe. Da aka keɓe ka a watan Disamba na wannan shekarar, tsofaffinmu suka ce sun ga abin da ba su taɓa zaton za su gani ba, wato Bahaushe da sandar Bishof a hannu. Tun lokacin da aka kafa yankin mishan na Sakkwato a 1953, har ya zama dayosis a 1964, daga can ake kula da mu. Bishof Lawton da Bishof Dempsey, 'yan ƙungiyar Dominikan da suka zo daga Amurka, sun yi nasu ƙoƙarin. Bishof Kevin Aje ya yi nasa, haka ma Bishof Matthew Hassan Kukah tun daga 2011. Allah ya saka musu da alheri. Amma Sakkwato da nisa take, tafiyar yini ce daga gare mu. Yanzu uba ya dawo kusa da gida, yana jin harshenmu ba tare da tafinta ba, ya san bambancin damina da kaka a aljihun manomi. Wannan ne ya ba ni ƙarfin zuciyar in yi magana.

Baba, ka san yadda Lahadi take a ƙauye, amma bari in sake zana maka ita saboda masu karatu. Tun da sassafe katikis zai fito ya buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya, domin shi ne ƙararrawarmu. Bugu na farko na tashi ne, na biyu na shiri, na uku kuwa an fara. Kafin nan 'yan mata sun share majami'a sun yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, samari sun jera bencina. Maza gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba kan tabarma, da wani dattijo riƙe da tsumagiya yana lura da masu surutu. Katikis ne zai buɗe da addu'a, ya sa a yi karatu, ya yi bayanin Bishara da Hausar da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane. In lokacin baiko ya yi, Zumuntar Mata za su ɗauki waƙa da tulu da caki da ganga, jama'a su taso layi-layi suna rawa zuwa gaba. Wani ya jefa 'yan canji, wata ta ajiye kwanon dawa, wata ƙwai uku a ƙulle cikin leda. Bayan an tashi ba a watsewa. A nan gindin bishiya ake sanar da wanda ba shi da lafiya, da matar da ta haihu, da ranar da za a yi gayya a gonar majami'a, da gidan da ruwa ya rushe wa katanga.

Fada ba ya nan a mafi yawan irin waɗannan Lahadi, kuma ba laifinsa ba ne. Mutum ɗaya ne, rassan da ke ƙarƙashinsa suna da yawa, hanya kuwa da damina sai babur, wani lokacin ma sai an tura shi an ƙetare rafi. Ranar da ya zo, ranar biki ce. A ranar ne ake furta zunubi, a karɓi Jibin Ubangiji, a yi wa jarirai baftisma, a albarkaci aure. Da yamma ta yi ya hau babur ya koma. Duk sauran kwanakin wata, katikis ne ikklisiya take gani.

Shi ne yake koya wa yara katikisim da yamma bayan ya dawo daga gona. Shi ne yake shirya masu neman baftisma, ya zauna da saurayi da budurwa kafin aurensu, ya je gidan iyayensu in maganar sadaki ta cije. In miji da mata suka yi faɗa tsakar dare, ƙofarsa ake bugawa. In tsoho yana kan gargara, shi ake kira ya durƙusa a gefen tabarma yana addu'a, ya nemi inda sabis yake ya kira Fada a waya. In rai ya yi halinsa kuma Fada bai samu isowa ba, shi ne zai tsaya a bakin kabari. Shi ne yake zuwa gaban mai unguwa ko dagaci in shanu sun shiga gonar wani, ko in an taso da maganar filin majami'a. Shi ne yake jagorantar dattawanmu zuwa gaisuwar Sallah, shi kuma yake tarbar maƙwabtanmu Musulmi in sun zo barka da Kirsimeti. A ƙauyukanmu, Baba, ka san gida ɗaya yakan haɗa mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Zaman lafiyar irin wannan gida sau da yawa yakan dogara ga iya bakin katikis da na limamin unguwa.

To, da me wannan bawan Allah yake rayuwa? Da gonarsa, sai ɗan abin da baikon ƙauye ya iya fitarwa. Baikon ƙauye kuwa na bin damina ne. In an samu amfani, a ɗan ba shi wani abu. In fari ya yi, ko tsutsa ta ci masara, ko tsoro ya hana zuwa gona mai nisa, sai a ba shi haƙuri. Ga kuɗin taki ya fi ƙarfin talaka, ga man babur ya ninninka tun da aka cire tallafi a 2023. Ranar da sauran manoma suke noman farko, shi yana wajen jana'iza a ƙauyen gaba, ciyawa tana cin gonarsa. Na ga katikis da ya yi furfura a wannan aiki, ya koya wa yaran da suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya, har da waɗanda suka shiga makarantar Fada. Da ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ya daina ganin rubutu, sai ya koma zaure yana saƙar igiya, matarsa tana sayar da daddawa don su ci. Da ya kwanta ciwo, Zumuntar Mata ne suka bi gida-gida da kwano suna tara kuɗin magani. Samarin garin suna kallon wannan duka. In ka ce wa ɗaya daga cikinsu ya tafi makarantar katikis, sai ya nuna maka zauren tsohon nan, ya ce gara ya tafi Abuja ko Legas ya yi acaɓa.

Ban ɗora wa kowa laifin wannan ba. Talauci ne na dukanmu, kuma na san sabuwar dayosis ba ta gaji wata dukiya ba, ga gine-gine, ga horar da Fada-fada, ga 'yan gudun hijira. Amma abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne a koyarwar Ikklisiya. Tun a 1965, Babban Taron Vatican na Biyu, a takardarsa kan aikin mishan, ya yaba wa masu aikin katikis, ya kuma ce waɗanda suka ba da kansu gaba ɗaya ga aikin a biya su abin da zai riƙe su da mutunci, a kuma tanadar musu abin dogaro. Dokokin Ikklisiya ma sun tabbatar da wannan haƙƙi ga duk wanda ba Fada ba da ya keɓe kansa ga hidima. A watan Mayun 2021 kuma Paparoma Francis ya ɗaga aikin katikis ya zama hidima tabbatacciya da Bishof yake naɗa mutum a kanta, mace ko namiji. Ashe abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan maganganu daga takarda zuwa ƙauye.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa Ikklisiyar St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi da dare, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke. A watan Mayun 2022 suka shiga Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Ƙafur, suka ɗauke Fada biyu da wasu yara biyu. Bala'in nan bai zaɓi addini ba. Ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a watan Disamban 2020 'ya'yan maƙwabtanmu ne, kuma an sha kai hari a masallatai. Amma ga mu 'yan majami'un ƙauye, sakamakon shi ne zuwan Fada ya ƙara wuya. Ba mai hankalin da zai ce Fada ya bi hanyar da ake tare mutane, mu ma ba mu so. Sai dai in Fada ya dakata a gari, katikis yana nan, domin nan ne gidansa. Shi ne yake yanke shawarar ko a buga ƙararrawa ko a yi shiru. Shi ne yake mayar da sujadar daren Ista da ta daren Kirsimeti zuwa la'asar don mutane su koma gida da ido. Shi ne yake bin gida-gida yana haɗa kuɗin fansa in an ɗauke wani, ya zauna da matar da aka kashe wa miji. In gari ya watse, shi ne ya san inda kowane iyali ya nufa. Mutumin da yake ɗauke da wannan nauyi bai kamata a bar shi da Allah ya saka kaɗai ba.

Ga roƙona, Baba, kuma na yi ƙoƙari in tsaya ga abin da zai yiwu.

Na farko, a kafa asusu ɗaya na dayosis domin masu aikin katikis, a tsayar da mafi ƙanƙancin abin da kowannensu zai riƙa samu a wata, ko majami'arsa tana da hali ko ba ta da shi. A ware Lahadi ɗaya a shekara da dukan baikonta zai shiga wannan asusu. Ikklisiyoyin Katsina da Funtuwa da sauran garuruwa, inda akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan albashi, su ɗauki majami'un ƙauye ɗaya-ɗaya su riƙe. Da yawa daga cikin masu zama a bencin gaba a birni, a gindin bishiya wani katikis ya koya musu alamar gicciye. Mu ma na ƙauye ba za mu naɗe hannu ba. Abin da muke da shi hatsi ne da ƙarfin jiki. A sa ya zama ƙa'ida cewa kowace majami'a za ta yi wa katikis ɗinta gayya sau biyu a damina, kuma a bikin godiyar kaka a fitar masa da rabonsa na dawa da masara kafin a yi gwanjon sauran. Maganarka a kan wannan za ta fi ta kowa nauyi, domin katikis ba zai iya buɗe baki ya roƙa wa kansa ba.

Na biyu, a tuna da tsofaffi da matan da suka bari. Ko ɗan buhun hatsi ne a shekara, da ɗaukar nauyin magani a asibitin mishan, da sassaucin kuɗin makaranta ga 'ya'yansu a makarantun Ikklisiya, zai nuna wa samari cewa wanda ya tsufa a aikin Ubangiji ba a yar da shi. A rubuta sunayensu, a san adadinsu, a riƙa kiran su taro ana gaishe su.

Na uku, horo. Allah ya ba mu makarantar horar da katikis a Malumfashi, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikata. A ƙarfafa ta, a kuma shirya bita ta 'yan kwanaki kowane rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, da kuɗin mota da abinci a kan dayosis. Zamani ya kawo tambayoyin da katikis na zamanin baya bai gamu da su ba. Yaro yana jin wa'azi iri-iri a wayarsa, ya zo da tambaya mai wuya. Akwai matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ba ta iya barci. Akwai saurayin da ƙwaya ta kama. Katikis yana bukatar a koya masa yadda zai zauna da irin waɗannan. A buɗe wa mata ƙofa kuma. A majami'armu, in da za a cire Zumuntar Mata, da rabin bencina sun zama wayam, da mara lafiya bai ga kunu ba, da baƙo bai ga tuwo ba. A cikinsu akwai masu karatu da hikimar koyarwa. Tunda Paparoma Francis ya ba da dama, a zaɓo su a horar da su.

Na huɗu, littattafai. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma tun 1963 Ikklisiya ta buɗe ƙofar yin sujada da harshen jama'a. Duk da haka, in ka shiga majami'ar ƙauye za ka tarar da littafin karatu guda ɗaya, bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa, an ɗinke shi da zare. Littafin waƙoƙi kuwa mutum huɗu ke leƙa guda. A sake buga littattafan addu'a da na katikisim da na waƙoƙi da Hausa mai kyau, a sayar da su a farashin da manomi zai iya. A nan, Baba, Allah ya ba mu sa'a, domin ilimin sadarwa ka karanta, ka kuma koyar da shi a Fatakwal. Me zai hana kowane mako ofishinka ya fitar da gajeren bayani na karatun Lahadi da Hausa, da murya, a tura wa masu aikin katikis ta WhatsApp, inda babu sabis kuma a kai musu a katin waya? Mai tallan magani yana isa kowane ƙauye da lasifikarsa, muryar makiyayinmu ma ta isa.

Na biyar, a dawo da ajin yamma. Iyayenmu da yawa a majami'a suka koyi karatu, a hannun katikis, da allo da alli. Yau akwai ƙauyukan da makarantar gwamnati ta rufe saboda tsoro, malamai sun daina zuwa, yara suna yawo. Majami'a tana nan a rufe daga Litinin zuwa Asabar. In aka ba katikis allo da alli da 'yan littattafai da fitilar sola, zai tara yaran gari, namu da na maƙwabta, ya koya musu baƙi da lissafi. Yarinyar da ta iya karatu ba a saurin aurar da ita tana ƙarama, kuma daga cikin waɗannan yara ne katikis na gobe da Fada na gobe za su fito.

Na shida, a kwafi rajistar baftisma da ta aure na kowace majami'a a ajiye a ofishin dayosis. Iyalan da suka gudu daga garuruwansu sukan zo neman shaidar baftisma don aure ko makaranta, a tarar littafin ya ƙone ko ya ɓace a gudu. A kuma umarci ikklisiyoyin gari su nemi waɗannan 'yan gudun hijira, su san inda suke kwana, kada kunya ta sa su daina zuwa sujada don ba su da suturar birni.

Roƙona na ƙarshe shi ne ka zo ka gan mu a inda muke, gwargwadon yadda tsaro ya ba da hali. Mun saba in Bishof zai zo, sai a tara mu duka a babbar majami'a, a yi anko, a yanka sa, a karanta jawabin maraba, a rabu ba a ji ta bakin kowa ba. Ka rage mana nauyin tarba, ka hana a aza wa talakawa kuɗin da ya fi ƙarfinsu saboda zuwanka. Ka zaɓi ƙaramin reshe, ka zauna a kan benci, ka sha furar da aka dama maka, ka sallami manya ka keɓe da katikis da matarsa na ɗan lokaci. Ka tambaye shi abin da ya samu a watan jiya, ka tambayi matar yadda ake cin abinci a gidan. Abin da za su gaya maka ya fi duk abin da na rubuta a nan.

Ga 'yan'uwana masu karanta wannan wasiƙa kuma, kada mu bar wa Bishof kayan shi kaɗai. Duk wanda Allah ya ɗaga daga ƙauye ya tuna da wanda ya koya masa addu'ar farko. In yana da rai, a je a gaishe shi da abin hannu. In ya rasu, a nemi iyalinsa.

Baba, dayosis ɗinmu ƙarama ce kuma sabuwa, abin da aka shuka a shekarunta na farko shi za a daɗe ana girba. Ina roƙonka, don Allah, ka sa maganar katikis ɗin ƙauye a gaban taron Fada-fada da na majalisar dayosis, a fito da tsari a rubuce, a karanta mana shi da Hausa a kowace majami'a. Mu kuma mun yi alkawarin gayya da hatsi da addu'a.

Allah ya kiyaye ka a hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ja zamaninka.

Naka cikin Almasihu,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanka na majami'un ƙauye, kudancin Jihar Katsina.